Daga Madani Zuwa Mai Wurno a Kan Babur Mai Nauyin Tashi

Abokin tafiyata ɗan ajinmu ne a Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, Bahaushe haifaffen Sudan, wanda kakan kakansa ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa. Tun shekararmu ta farko yake cewa sai ya kai ni garin Mai Wurno na ga danginsa, ni kuma ina ta ɗagawa saboda karatu. Da aka sa ɗaurin auren ɗan kawunsa a cikin hutun watan Janairu, sai uzuri ya ƙare mini. Tafiyar nan an yi ta ne kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, kuma duk farashin da zan ambata na wancan lokacin ne, kafin darajar jine, wato kuɗin Sudan, ta zube.

A kan babur ɗinsa muka tafi. Su can babur suke kira "motar", mota kuma "arabiya", abin da ya daɗe yana rikita ni a farkon zuwana. Babur ne mai girman inji sisi (cc) 150, ya sha hanya amma injinsa lafiya lau. Matsalarsa biyu ce. Haƙoran sandar kik sun cinye, in ka taka sai ta zame, don haka komai ya dogara ga sitata. Batir ɗin da ke ciki kuma shi ne na uku da ya saya a cikin ƙasa da shekara guda.

Bayan sallar asuba muka ɗaure jaka da ƙullin tsarabar da na tanada, goro da kilishin da aka aiko mini daga gida. Ya danna maɓallin sitata, sai injin ya juya da ƙyar, gur, gur, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Sai a dannawa ta huɗu ya kama. Ya ce, "Sanyi ne, ɗan'uwa, in rana ta fito zai ware." Akwai gaskiya a maganarsa, domin sanyi yana sa baƙin mai ya yi kauri, yana kuma rage wa batir ƙarfi. Amma na yi acaɓa a Kano kafin a hana shi a farkon 2013, na san hunturun Kano bai gaza na Madani ba, kuma lafiyayyen batir ba ya tsoron irin wannan sanyin. Na yi shiru dai, saboda ni ma a zamanin acaɓata ba ni da wani magani da ya wuce a sayi sabo.

Muka bi kwalta kudu, muka wuce Barakat inda hedikwatar aikin noman Jazira take. Wanda bai ga wannan ƙasa ba, da wuya ya yarda da faɗinta. Shimfiɗe take kamar tabarma, ba tudu ba kwari, magudanan ruwa sun tsaga ta a miƙe, alkama kore shar a gefe guda, auduga ta yi fari a ɗaya gefen. Na tuna Kadawa da Kura, amma a can gida kana iya hango inda noman rani ya tsaya. A nan idonka ne zai gaji. Abin da ya fi burge ni shi ne randunan ruwa da ake jerawa a bakin hanya ƙarƙashin rumfa, da moɗa a ɗaure, kowa ya sha kyauta. Sabil suke ce musu. Manyan motocin safa kuwa ba sa ragawa mai babur, in sun taho sai ka sauka gefe ka ba su hanya.

A Hajj Abdallah muka tsaya karin kumallo, wanda su sai wajen ƙarfe goma suke yi. Abokina ya yi ta zagaye yana neman ɗan gangare kafin ya kashe injin, daga nan na gane ya fi ni sanin halin babur ɗin, faɗa ne kawai ba ya so. Muka ci ful, wato dafaffen wake da aka dama da man riɗi da albasa da ɗan cuku, muka haɗa da burodi, kwano ɗaya mu biyu jine 15. Mai shayi ta ba mu shayi da na'ana'a jine 2 kowane kofi. Da za mu tashi, gangaren ya yi mana rana.

Wad al-Haddad da gonakin rake na kamfanin sukari muka wuce su ba tsayawa. Kusa da shiga Sinnar muka iske shingen bincike. Jami'in ya ɗaga hannu, ya ce a kashe inji. Na ji abokina ya ja numfashi kafin ya murɗa makulli. Aka duba lasisinsa da takardun babur, aka duba fasfona da takardar zama da katin makaranta. Da jami'in ya ga koren fasfo sai ya saki fuska, ya ce maƙwabcinsa a unguwa Bahaushe ne mai sayar da agashe, ya tambaye ni ko da gaske ne Kano ta fi Madani girma. Ya miƙo takardu ya ce mu sauka lafiya.

Abokina ya danna maɓalli. Ƙas. Ya sake. Ƙas, ƙas. Ko juyawa injin bai yi ba, ƙarar ɗan rile, makunnin da ke aika wuta zuwa sitata, kawai ake ji daga ƙarƙashin kujera. Wurin kuma shimfiɗe, ba gangare ko na taki ɗaya, ga motoci sun fara taruwa a bayanmu. Na sauka na fara turawa, shi yana kai ya sa giya ta biyu ya riƙe kuloci. Yashi ya cika gefen kwalta, tayar baya tana ja ba ta juyawa. Sai ga jami'in nan ya ajiye littafinsa a kan durom, ya zo ya dafa kariya tare da ni, muka ruga da babur ɗin kan kwalta har abokina ya saki kuloci injin ya kama. Ina haki ina godiya, shi kuwa cewa kawai ya yi, "Malesh," wato ba komai, "ku nemi makaniki a Sinnar." Har yau ina tuna wannan mutumin da alheri.

A kasuwar Sinnar muka sami wani saurayi mai shagon kayan babur, yana gyara a ƙofar shagon. Bai tambaye mu komai ba. Ya buɗe murfin gefe, ya ɗauko guntuwar waya ya haɗa kawunan batir ɗin biyu na ɗan lokaci, ya ga tartsatsin bai yi ƙarfi ba, ya ce batir ya mutu. Wannan gwajin ni ma na sha gani a garejin Kano, kuma mummunan gwaji ne: yana cutar da batir, kuma batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta, tartsatsi a kusa da shi na iya fasa shi a fuskar mutum. Ya sauko da sabo daga kanta, jine 220. Abokina ya sa hannu a aljihu, kuɗin da ke ciki kuwa gudummawar biki ce. Na riƙe masa hannu na ce, "Ɗan'uwa, batir uku ba sa mutuwa haka kawai a babur ɗaya. Akwai abin da ke kashe su, in ka sa na huɗu shi ma zai bi su." Ban san mene ne abin ba, lissafin ne kawai ya ƙi shiga kaina. Ya kira kawunsa a waya, kawun ya ce kada mu sayi komai, mu ƙaraso, akwai Usta, wato gwanin makaniki, a gari.

Yaran kasuwa suka tura mu. Muka biya ta bakin madatsar ruwan Sinnar, wadda aka kammala a 1925, tsawonta ya kai kilomita 3, kuma ita ce ke shayar da gonakin Jazira da muka ratso tun safe. Abokina ya gargaɗe ni kada na fito da waya, ba a ɗaukar hoto a madatsa ko gada. Sinnar tsohon gari ne, nan ne fadar daular Funj daga 1504 har 1821, amma mu abin da ya tsayar da mu soyayyar karfasa ce da ake sayarwa a bakin ruwa, da lemon tsami da dakakken barkono. Masuntan da muka gaisa da su da Hausa suka amsa. Injin dai ba mu yarda mun kashe ba, a tsaye muka ci.

Daga Sinnar zuwa Mai Wurno tafiya ce kaɗan kudu, a hanyar Sinja, garin yana gaɓar kogin Shuɗin Nilu. Tarihinsa kowane yaro a garin ya san shi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yulin wannan shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka rage, har suka zauna a nan bayan 'yan shekaru, garin ya ɗauki sunansa, kuma zuriyarsa ke riƙe da sarautar. Fillanci da Hausa da Larabci duk ana yi, wani lokaci a bakin mutum ɗaya kafin ya kai ƙarshen magana. Hausarsu tana da daɗin ji, cike da "tamam" da "ya'ani", amma gaisuwar tsofaffin irin ta Sakkwato ce, doguwa, ba a gaggauta ta.

Aka sauke ni a diwan, ɗakin baƙi na maza da ke bakin gida. Kawu ya dafa kafaɗata irin gaisuwar Sudan, sannan ya riƙe hannuna irin ta gida ya ƙi saki. Wani dattijo da bai taɓa taka Najeriya ba ya zauna kusa da ni yana tambaya ko na taɓa ziyartar hubbaren Shehu, ko har yanzu ana noman albasa a fadamar Wurno. Na amsa abin da na sani, idona yana cika da ƙwalla. Aka kawo asida, wadda tuwon dawa ce ba wani bambanci, da miyar busasshiyar kuɓewa, sannan godogodo mai sanyi na gero da nono, ɗan'uwan furarmu.

Bayan la'asar muka tura babur ɗin zuwa wurin Usta. Rumfar kwano ce a jikin bishiyar dalbejiya, an kewaye ta da injinan ban ruwa da wata raksha da aka kwance wa ƙafa, irin wadda muke kira A Daidaita Sahu. Dattijo ne mai farin gemu, hannunsa baƙi ƙirin da mai amma jallabiyarsa a naɗe tsaf. Muka durƙusa muka gaishe shi. Bai taɓa babur ɗin ba sai da ya gama tambaya: yaushe abin ya fara, da safe kawai yake yi ko har da rana, kwana nawa babur ɗin ke yi a ajiye, tun yaushe aka kashe shi yau. Da muka ce tun azahar, sai ya ce madalla, domin batir ɗin da aka kashe injinsa yanzun nan yakan nuna ƙarfin da ba shi da shi, sai ya huta kamar awa guda yake faɗin gaskiya.

Ya warware wani tsumma ya fito da 'yar mita mai wayoyi biyu, ja da baƙa. Ya ɗora a kawunan batir, makulli a kashe. Ta nuna 12.1. Ya juyo da fuskar mitar gare ni ya ce, "Ɗan Kano, karanta." Na karanta. Ya ce batir yana da ɗakuna shida, kowanne yana ba da bolt 2.1, don haka cikakken batir 12.6 yake nunawa ko sama kaɗan. In ka ga 12.1, ya zubar da kusan rabin cajinsa. In ka ga wajen 10.5 kuma caji ya ƙi ɗaga shi, ɗaki ɗaya ya mutu, sai a yi haƙuri da shi. Ya ce, "Wannan yunwa yake ji, bai mutu ba. Saura mu san wa ke hana shi abinci."

Ya kunna babbar fitila ya ce abokina ya danna sitata. Fitilar ta dushe ta koma ja kamar garwashi. Ya ce wannan gwajin na wanda ba shi da mita ne a daji. In fitila ta dushe sosai, wuta ce ba ta isa, ko daga batir ko daga hanyar da take bi. In ko motsi ba ta yi ba kuma injin bai juya ba, to wutar ba ta ma tashi zuwa sitata, sai ka nemi maɓalli ko rile ko fis. In kuwa injin yana juyawa da sauri amma ya ƙi kamawa, ka rabu da batir gaba ɗaya, ka koma kan fulogi da mai da kafireto. Na daɗe ina hawa babur, amma ban taɓa jin an rarrabe mini waɗannan ukun a fili haka ba. A wurinmu duk sunansu ɗaya, babur ya ƙi tashi.

Ya kashe fitila, ya mayar da mita kan batir, aka sake dannawa. Lambar ta faɗo wajen 10, wanda ya ce ba laifi ga batir mai rabin caji, domin abin tsoro shi ne ta zarce ƙasa da 9.6. Sannan ya yi abin da ya ba ni mamaki. Ya ɗora waya ɗaya a baƙin kan batir, ɗayar a jikin injin, wurare biyu da waya mai kauri ta riga ta haɗa, waɗanda a tunanina babu abin aunawa a tsakaninsu. Aka danna, mitar ta nuna fiye da bolt 1. Ya ce ko rabin bolt ya yi yawa a nan. Wutar da ta fita daga batir dole ta dawo masa ta jikin ƙarfe, in hanyar dawowa ta toshe, sitata ba za ta samu abin da batir ya aiko ba, ko da an sa sabo fil daga kwali.

Ya ɗauko sifana ya fara da baƙar waya. Ya ce kullum ita ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe, saboda in ka fara da ja sifanarka ta taɓa jikin babur, ka haɗa wuta ke nan. Da ya bi wayar har inda aka ɗaure ta da noti a jikin firam, sai muka ga abin da ke wurin: tsatsa ta ci ƙarƙashin notin, wani gari fari-fari mai ratsin kore ya lulluɓe bakin wayar, siraran zaren tagullar da ke ciki kusan rabinsu sun tsinke. Daga waje ba abin da ake gani, roba ta rufe komai. Ya aiki yaronsa cikin gida ya karɓo atrun, wato kanwa, ya jiƙa a ruwan ɗumi, ya tsoma bakin wayar, ya shafa a kawunan batir yana kiyaye kada ta shiga cikin ɗakunan. Nan take ta fara kumfa tana tsuwa. Kanwar da ake sa wa miya da kunu, ita ce ke kashe kaifin asid. Ya yanke ruɓaɓɓen ɓangaren, ya sa sabon baki, ya goge firam ɗin da samfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli, ya ɗaure tamau, sannan ya shafa giris a sama.

Ya ɗaga batir ɗin ya duba ta hasken rana. Ruwan ɗakuna biyu ya yi ƙasa da layi, har saman farantan da ke cikin batir ɗin ya fito. Ya ce zafin ƙasar nan ne, daga Afrilu zuwa Yuni yana shanye ruwan batir kamar yadda yake shanye tafki. Ya ƙara da tataccen ruwan da ake saya a kantin magani, moya mugattara. Ya ja mana kunne a kan abu biyu: kada a zuba ruwan kogi ko na rijiya, gishirin cikinsa yana lalata faranti, kada kuma a ƙara asid, wanda suke kira moyat nar, domin ruwa ne ke tashi, asid ɗin yana nan inda yake.

Aka mayar, abokina ya danna. Injin ya juya da kuzarin da ban ji ba tun safe, ya kama a karo na biyu. Murna ta kama shi, ya fara laluben aljihu. Usta ya ce, "Dakata, ɗana. Mun buɗe masa hanya, amma ba mu ga mai ba shi abinci ba." Ya ɗora mita injin yana aiki, ya ce a murɗa totur. Lambar ta tsaya 12.4, ta ƙi hawa. Ya ce in caji yana aiki, tsakanin 13.5 da 14.5 ya kamata a gani. In ta haura 15, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, ta lalace tana dafa batir, za ka ga ruwansa yana ƙarewa da wuri, kwan fitila yana ƙonewa. In ta kasa 13, kana tafiya ne kana ci daga batir ba ka mayar masa.

Nan ma wani zai ce a sayi rektifaya. Shi kuwa bin waya ya yi da yatsa, rawayen wayoyin da ke fitowa daga koyil mai samar da wutar caji a gefen injin, har ya iso wani soket na roba a ƙarƙashin tanki. Da ƙyar ya rabu. Robar ta narke ta yi ruwan ƙasa, ƙafa ɗaya ta yi baƙi ƙirin. Ya ce haɗi in ya saki yana yin zafi, zafin yana ƙara sakinsa, haka suke ta yi har wuta ta daina wucewa, ga ƙura da girgizar hanya suna taimakawa. Kafin ya gyara sai da ya auna wutar da koyil ke bayarwa, ya ga tana hawa in an murɗa totur, ya ce koyil lafiya. Ya yanke soket ɗin ya yar, ya haɗa wayoyin da dalma, ya naɗe kowacce daban. Aka tayar, aka murɗa, mitar ta haura ta tsaya 14.1. Ya cire batir ɗin ya ce zai kwana a wurinsa a kan ƙaramin caji. Batir mai amfiya 7, in ji shi, kashi ɗaya cikin goma ake ba shi, wajen 0.7, a bar shi dare guda, cajin gaggawa yana gajarta masa kwana.

Daren nan a tsakar gida muka kwana, kowa a kan angareb, gadon katako da aka saƙa da igiya. Sanyin bakin kogi ya fi na Madani, sai da aka ƙara mini bargo. Kafin barci samari suka kai ni wurin mai agashe, nama ne da aka barbaɗe da ƙuli da yaji aka gasa a gefen wuta, tsirenmu sak, kuma duk Sudan ta san sana'ar Hausawa ce. A gidan ango na tarar ana sa masa lalle a hannu da ƙafa, abokansa ma suna miƙa tafi. Na ce a Kano amarya ake yi wa wannan, suka yi ta dariya, suka kama hannuna suka ɗiga mini a yatsa ɗaya.

Da sassafe muka koma rumfar Usta. Batir ya nuna 12.7 bayan ya huta. Ya ɗaura jar waya, ya kawo baƙar kusa da kanta, sai wani ɗan tartsatsi ya yi ƙyas, ƙanƙani ƙwarai, ni ban ma lura ba. Shi ya tsaya cak. Ya duba makulli, a kashe yake. Ya ce, "Wa ke shan wuta a babur ɗin da ke barci?" Ya juya mitar zuwa ma'aunin amfiya, ya sa ta tsakanin wayar da kan batir. Ta nuna miliamfiya 30, wato kashi talatin cikin dubu na amfiya. Ya ce babur irin wannan da ba shi da agogo ba shi da na'urar hana sata, bai kamata a ga komai ba. Ya fara cire ƙananan wayoyi ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan wata siririya da aka maƙala kai tsaye a jan kan batir, lambar ta koma sifili. Wayar cajar waya ce da abokina ya sa aka ɗaura masa a kan hannun babur, mai ɗan shuɗin haske da ba ya mutuwa dare da rana.

Na yi lissafin a ƙasa da tsinke. Miliamfiya 30 sau awa 24 ya haura kashi bakwai cikin goma na amfiya a kwana guda. Batir mai amfiya 7, kwana biyar sun isa su cinye rabinsa. Abokina kuwa a lokacin jarrabawa yakan bar babur ɗin mako guda bai taɓa ba, in ya tayar kuma, caji ba ya aiki balle ya mayar da abin da aka sha. Ya daɗe yana kallon ƙasa, na san kuɗin batir biyun nan yake tunawa, domin da kuɗin koyar da yara darasi da yamma ya saye su. Usta ya mayar da cajar kan wayar da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, ya sa mata ƙaramin fis. Ya tambayi inda tsofaffin suke, aka ce ɗaya an ba masu gwangwan, ɗaya yana ƙarƙashin gado tun watanni huɗu. Ya girgiza kai ya ce batir in ya daɗe ba caji, wani farin abu yana daskarewa a jikin farantansa, in ya yi tauri ba ya narkewa, amma a gwada.

Jine 40 ya karɓa, ya ce kuɗin dalma da ruwa da bakin waya ne. Abokina ya ƙara, ya mayar masa. Na kwance ƙullina na ba shi goro biyar manya farare. Ya juya su a tafin hannu, ya fasa ɗaya ya ba yaronsa rabi, ya ce mahaifinsa har ya rasu yana zancen goron kasuwar Kurmi.

An ɗaura aure a masallaci bayan azahar, aka raba dabino da alewa, aka fito da manyan farantai kowane mutum shida a kan ɗaya. Washegari muka leƙa Sinja, babban birnin jihar, muka sayi ayaba a lambunan bakin kogi, muka juyo. Man da muka sha gaba ɗaya tafiya da dawowa bai wuce na jine 60 ba.

A shingen Sinnar muka sake samun jami'in nan. Ya gane mu tun daga nesa, ya duba takardu, sannan ya ajiye littafinsa a kan durom ya zagayo bayanmu zai dafa kariya. Abokina ya danna sau ɗaya, injin ya kama. Jami'in ya ɗaga hannaye biyu yana cewa ma sha Allah, ya tambayi wane batir muka saya. Muka ce tsohon nan ne.

Da muka koma Madani na shiga kasuwa na sayi 'yar mita irin ta Usta, jine 65. Muka jawo tsohon batir ɗin daga ƙarƙashin gado, ya nuna 10.3, aka kai shi caji kwana biyu ya ƙi ɗagawa, sai masu gwangwan suka samu. Na cikin babur ɗin kuwa, mun bar shi kwana shida ba a taɓa ba da gangan, ranar ta bakwai bayan sallar asuba na ɗora masa mita ya nuna 12.6. Sandar kik ɗin ma a makon nan muka sauya ta.